Yadda Ake Samun Bayanan Tudu da Kwari Domin Haɗa Samfurin Ƙasa

Gabatarwa

A kowace damina ƙananan hukumomi da masu riƙe da sarautun gargajiya sukan zauna a kan tambayoyi iri ɗaya: ina ruwa zai bi idan kogi ya cika, wace unguwa ce za ta fara nutsewa, a ina ya kamata a yi jinga ko kwalbati, kuma wane tudu ne jama'a za su koma. Ambaliyar da aka yi a shekarun 2012 da 2020 da 2022 a kwarin Kogin Haɗeja, da wadda ta auka wa Maiduguri a watan Satumba na 2024 bayan ɓallewar madatsar Alau, sun nuna mana cewa ba a amsa waɗannan tambayoyi da ƙiyasi.

Ɗaya daga cikin hanyoyin da ke taimaka wa jama'a su ga ƙasarsu baki ɗaya ita ce haɗa samfurin ƙasa, wato ƙaramar siffar yanki wadda ake ginawa a kan tebur da kwali ko katako ko yumɓu, mai nuna tudu da kwari da hanyoyin ruwa. Dattijon da bai taɓa karanta taswira ba yana iya ɗora yatsa a kan samfuri ya ce ga gonarsa, ga burtali, ga inda ruwa ya tsaya bara. An jarraba haka a Baibokum da ke kudancin Chadi a shekara ta 2012, inda Fulani Mbororo da manoma da jami'an hukuma suka haɗu a kan samfuri guda suka fayyace mashaya da burtali da gonaki, a wani aiki da Hindou Oumarou Ibrahim ta jagoranta.

Sai dai kuma ingancin samfuri yana rataye ne a kan ingancin bayanan tsayin da aka gina shi da su. A wannan shafi za mu bayyana inda ake samun waɗannan bayanai, da iyakar abin da kowannensu zai iya nunawa, da yadda za a zaɓi wanda ya dace da irin ƙasar da ake son siffantawa.

Ma'anar wasu kalmomi

Tsayin wuri shi ne nisansa a tsaye daga fuskar ruwan teku. Birnin Kano yana kan kimanin mita 480, Jos kimanin mita 1,200, Tafkin Chadi kuwa kimanin mita 280.

Layin tsayi shi ne layin da ake zanawa a taswira domin haɗa duk wuraren da tsayinsu ya zo ɗaya. Wanda ya bi wannan layi da ƙafa ba zai hau ba, ba zai gangara ba. Inda layuka suka matsu da juna akwai gangare mai tsanani, inda suka yi nesa da juna ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce. Bambancin tsayin da ke tsakanin layi da mai bi masa shi muke kira tazarar tsayi.

Bayanan tsayi na kwamfuta kuwa, ƙasa ake rarrabawa gida-gida kamar gidajen dara, a ba kowane gida lamba guda wadda ita ce tsayinsa. Idan aka ce bayanai na mita 30 ne, ana nufin faɗin kowane gida mita 30 ne. Duk abin da bai kai wannan faɗi ba, kamar ƙaramar jinga ko lambatu ko bakin kwazazzabo, to ba zai fito sosai ba.

Ma'auni shi ne dangantakar samfuri da ƙasar gaske. A ma'aunin 1:10,000, santimita 1 tana wakiltar mita 100, kilomita 1 kuma ta zama santimita 10.

Lissafin da ya wajaba kafin a fara nema

Kada a fara neman bayanai sai an amsa tambayoyi uku.

Ta farko, wane yanki ake so, kuma wane girman tebur ake da shi? Falankin filawud da ake sayarwa a kasuwa yana da ƙafa 4 a faɗi da ƙafa 8 a tsawo, wato kimanin mita 1.2 da mita 2.4. A ma'aunin 1:10,000 zai ɗauki yanki mai kilomita 12 a faɗi da kilomita 24 a tsawo, wanda ya ishi gunduma ɗaya ko biyu. Idan ƙaramar hukuma ce baki ɗaya, sai a koma 1:25,000 ko 1:50,000, ko a haɗa falanki biyu ko fiye.

Ta biyu, mene ne bambancin tsayi tsakanin wuri mafi tudu da wuri mafi kwari a yankin? A kan wannan tambaya ce aiki yake gyaruwa ko ya lalace, za mu kuma dawo kanta a ƙasa.

Ta uku, wane kaurin kwali za a yi amfani da shi? Kowane gindin kwali yana wakiltar tazarar tsayi ɗaya. Idan kaurin kwali milimita 4 ne, tazarar kuma mita 20, to ma'aunin tsaye ya zama 1:5,000. A kan shimfiɗar 1:10,000 ke nan an ninka tsayin duwatsu sau biyu. Wannan ninkawa ba kuskure ba ce, da gangan ake yin ta domin ido ya ga tudu da kwari, amma wajibi ne a rubuta adadinta a jikin samfurin.

Tushe na farko: tsofaffin taswirorin gwamnati

Sashen Safiyo na Tarayya, tare da hukumar safiyo ta Ingila mai kula da ƙasashen waje, ya buga taswirorin ƙasar nan a ma'aunin 1:50,000 da 1:100,000, galibi daga hotunan jirgin sama na shekarun 1950 da 1960. A yau Ofishin Babban Safiyon Tarayya da ke Abuja ne ke riƙe da su. Ana kuma neman kwafi a ofishin Babban Safiyon Jiha, da ma'aikatar ƙasa da safiyo, da sassan nazarin labarin ƙasa na jami'o'i. Kowace takarda tana da suna da lamba, saboda haka a fara neman jadawalin takardun domin a san wadda ta ƙunshi yankin.

Amfaninsu shi ne suna ɗauke da sunayen ƙauyuka da rafuka da fadamu da hanyoyi, kuma ba a bukatar kwamfuta kafin a yi aiki da su. Rauninsu uku ne. Na ɗaya, tsayin da ke jikinsu da ƙafa aka rubuta shi, tazarar layuka kuma galibi ƙafa 50 ce, wato mita 15 da ɗoriya. Na biyu, sun tsufa: wadda aka zana kafin 1974 ba ta san da madatsar Tiga ba, balle ta Challawa da aka kammala a 1992, alhali waɗannan madatsu sun sauya yanayin tafiyar ruwa a kwarin Haɗeja. Na uku, an kafa su ne a kan tushen awo na Minna, na'urorin GPS da bayanan tauraron ɗan'adam kuwa suna bin tushen WGS 84. A arewacin Nijeriya saɓanin da ke tsakanin biyun ya kai kimanin mita 80, don haka sai an daidaita su kafin a ɗora ɗaya a kan ɗaya.

A lura kuma, faɗaɗa taswirar 1:50,000 sau biyar a injin hoto yana ƙara mata girma ne kawai, ba ya ƙara mata ko layi ɗaya.

Tushe na biyu: bayanan sama na kyauta

SRTM. A watan Fabrairu na shekara ta 2000, kumbon Endeavour na hukumar NASA ta Amurka ya yi kwana 11 yana auna doron ƙasa da na'urar rada, daga digiri 60 arewa zuwa digiri 56 kudu. Da farko bayanan mita 90 kaɗai aka saki game da ƙasashen da ba Amurka ba. A 2014 aka fara sakin na mita 30, kuma da Afirka aka fara. Ana samun su kyauta a shafin EarthExplorer na hukumar binciken ƙasa ta Amurka bayan an yi rajista. Ƙa'idar da aka tsara aikin a kai ita ce kuskuren tsayi kada ya wuce mita 16, a mafi yawan wurare kuma bai kai mita 10 ba. Wani abin da ya taimaki yankinmu shi ne an yi awon ne da rani, an riga an girbe gonaki, itatuwa da yawa sun kaɗe ganye. A 2020 NASA ta fitar da gyararren kwafi mai suna NASADEM.

ASTER GDEM. Haɗin gwiwar Japan da NASA ne, an fara sakin sa a 2009, aka sabunta a 2011 da 2019. Shi ma na mita 30 ne, amma daga hotuna aka ciro shi, saboda haka gajimare da ƙura suna shafar sa. A fili shimfiɗaɗɗe yakan nuna ƙananan tuddai da ramukan da babu su.

AW3D30. Hukumar sararin samaniya ta Japan ce ta fitar da shi daga hotunan da tauraron ALOS ya ɗauka tsakanin 2006 da 2011. Na mita 30 ne, yana kuma fitar da duwatsu da kyau.

Copernicus GLO-30. Shirin Copernicus na Tarayyar Turai ne ke bayar da shi, daga awon rada da taurarin TanDEM-X na Jamus suka yi tsakanin 2011 da 2015. An ƙayyade kuskuren tsayinsa ƙasa da mita 4. A cikin na kyauta da muka lissafa, shi ne ya fi sabunta, shi muke kuma ba da shawarar a fara dubawa idan ƙasar fili ce. Ana samun sa, tare da SRTM da AW3D30, a shafin OpenTopography.

Dukkan waɗannan huɗu suna da aibi guda: abin da suka fara cin karo da shi daga sama shi suke aunawa. Kan kuka, rufin gidaje, gandun daji da ciyawar kacala mai kauri duk suna iya fitowa kamar tudu. Har ila yau, hanya ko jinga ko magudanar da aka yi bayan shekarar awon ba ta ciki.

Tushe na uku: bayanan saye da na hukumomi

Akwai bayanai masu ƙananan gidaje da ake saye, kamar WorldDEM na mita 12 da AW3D na mita 5. Kafin ƙaramar hukuma ta kashe kuɗi, ya kamata ta rubuta wa hukumomin da wataƙila sun riga sun yi awo a yankin: hukumar raya kogunan yankin, kamar ta Haɗeja da Jama'are, ma'aikatun ayyuka da na albarkatun ruwa, hukumar bayanan ƙasa ta jiha inda ake da ita, da Cibiyar Nazarin Hotunan Tauraron Ɗan'adam ta Ƙasa da ke Jos a ƙarƙashin hukumar NASRDA. Ba a gina babbar hanya ko madatsa ko filin noman rani ba tare da an auna tsayin ƙasa ba, kuma sau da yawa takardun awon suna nan a ajiye cikin fayil.

Tushe na huɗu: awo a ƙasa

Wannan shi ne mafi inganci, shi ne kuma mafi tsada. Safiyo mai rajista yana iya auna tsayi da na'urar lebur ko da GPS na ƙwararru, kuskurensa bai wuce 'yan santimita ba. Jirgi mara matuƙi yana ɗaukar hotunan da za a ciro tsayi daga cikinsu, muddin an kafa alamomin da aka auna a ƙasa, kuma sai an sami izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama da na Ofishin Mai Ba da Shawara kan Tsaron Ƙasa kafin a tashe shi. Na'urar lida, mai harba haske daga jirgi, tana iya ratsa tsakanin ganye ta auna ƙasa kanta. GPS na wayar hannu kuwa yana da amfani wajen nuna inda rijiya ko makaranta take, amma kuskurensa a tsayi yakan kai mita 10 ko fiye, don haka kada a gina samfuri a kansa.

Ƙasar dutse da ƙasar fadama

A nan ne za mu koma kan tambaya ta biyu. Ƙa'idar masu zana taswira ita ce kada tazarar tsayi ta gaza ninki biyu na kuskuren bayanan. Bisa wannan, SRTM ya dace da tazarar mita 20, Copernicus kuma da ta mita 10, ko ƙasa da haka kaɗan a buɗaɗɗen fili.

Mu ɗauki gefen Jos. Garin yana kan kimanin mita 1,200, ƙololuwar duwatsun Shere da ke gabas da shi kuma ta kai mita 1,829. Bambancin ya haura mita 600, wato gindin kwali 30 ko fiye a tazarar mita 20, tsayin samfurin kuma santimita 12. Kuskuren mita 5 ko 10 ba zai ɓata komai ba. A irin wannan ƙasa bayanan kyauta sun wadatar, haka ma tsohuwar taswira.

Mu koma kwarin Haɗeja. Daga Kano zuwa Haɗeja, wadda ke kan kimanin mita 350, saukar ƙasa ba ta kai mita 1 a kowace kilomita ba. A yankin da falanki ɗaya zai ɗauka, bambancin tudu da kwari yana iya tsayawa a mita 20, wato gindin kwali ɗaya tak idan aka bi lissafin Jos. Domin a ga jigawa da fadama da tsohuwar hanyar kogi, sai an sauko zuwa tazarar mita 2, wadda za ta ba da gindi 10, tsayin santimita 4, da ninkawa sau 20. Amma tazarar mita 2 tana bukatar bayanan da kuskurensu bai wuce mita 1 ba, babu kuma ko ɗaya cikin na kyauta da ya kai haka.

Kwamfuta ba za ta ƙi zana layukan mita 2 daga SRTM ba. Za ta zana su, su yi kyau a ido, amma da yawansu kuskuren na'ura ne da kan itatuwa. A fadama, mita 1 ita ce tsakanin gidan da ya tsira da wanda ya rushe. Idan aka dogara da irin wannan samfuri aka ba jama'a fili a wurin da ya nuna tudu alhali kwari ne, an kai su inda ake gudu.

Saboda haka shawararmu ga yankunan fadama ita ce a yi aiki hawa biyu. A gina samfurin yankin baki ɗaya da Copernicus domin a ga babban tsarin ƙasar. Sannan a keɓe wuraren da za a yanke hukunci a kansu, kamar bakin gari da layin jinga da filin da za a mayar da jama'a, a sa safiyo ya auna su.

Matakan sauke bayanai da fitar da layuka

1. A nemo lambobin digiri na kusurwoyi huɗu na yankin, a ƙara kilomita 1 ko 2 a kowane gefe.

2. A gano fayil ɗin da ake bukata. Kowane fayil na SRTM yana ɗauke da digiri 1 a tsawo da digiri 1 a faɗi, wato kimanin kilomita 110 kowane gefe, ana kuma sa masa suna da kusurwarsa ta kudu maso yamma. Ringim tana cikin N12E009. Haɗeja tana daf da layin digiri 10 gabas, don haka sai an haɗa N12E009 da N12E010. Birnin Kano yana kan layin digiri 12 arewa, yana bukatar N11E008 da N12E008. Nauyin fayil ɗaya kimanin megabait 25 ne.

3. A buɗe su a manhajar QGIS, wadda kyauta ce, a haɗe su, a yanke yankin da ake so.

4. A juya su daga digiri zuwa mita ta tsarin UTM. Yankin da ke tsakanin digiri 6 da 12 gabas yana shiyya ta 32 arewa, Sakkwato da Birnin Kebbi suna ta 31, Maiduguri da Yola suna ta 33. Idan aka tsallake wannan mataki, ma'aunin samfurin ba zai fita daidai ba.

5. A ɗan goge bayanan domin rage ƙananan ƙuraje, sannan a fitar da layuka bisa tazarar da aka zaɓa, a rubuta wa kowane layi tsayinsa.

6. A buga kwafi biyu daidai girman tebur. Bayan bugawa a auna da rula a tabbatar kilomita 1 ta ba da santimita 10, domin injin bugawa yakan rage ko ya ƙara.

Daga takarda zuwa kwali

Kwafi ɗaya ake mannawa a kan tebur. Ɗayan kuma ake ɗora shi a kan kwali da takardar kabon, a bi layi mafi ƙasa da biro, a yanka da reza, a manna da gam. Haka za a yi ta yi, layi bayan layi, har a kai ƙololuwa. A kafa ƙusoshi uku ko huɗu a wurare sanannu waɗanda za su ratsa kowane gindi domin kada wani ya goce. A kuma tabbatar kwalin duka kauri ɗaya ne, gara a saye shi a lokaci guda daga wuri guda. Bayan an gama, a lulluɓe matakan da siririyar takarda da gam, a shafa farin fenti, a bar shi ya bushe.

Tantancewa tare da jama'a

Ba a ɗaukar samfuri a matsayin kammalalle sai mutanen yankin sun duba shi. A gayyaci hakimi da dagatai da masu unguwanni, da manoma da masunta da makiyaya da mata, a ba su fenti da zare da ƙananan ƙusoshi su sa hanyoyin ruwa, burtali, rijiyoyi, maƙabartu da iyakar da ambaliyar 2022 ta kai. Ruwan da ya kwanta ba ya ƙarya: iyakarsa layin tsayi ce da kowa ya gani da idonsa. Idan wannan iyaka ta hau ta sauka a kan matakan kwali da yawa, to bayanan wurin suna da matsala, sai a koma a auna. Shaidar ruwa da ta rage a jikin katanga ko gindin bishiya tana da amfani, kuma tiyon ruwa da magina ke daidaita gini da shi ya isa a gwada bambancin tsayi tsakanin wurare biyu na kusa.

A ƙarshe a liƙa allo a gefen samfurin mai ɗauke da sunan yanki, ma'aunin shimfiɗa, tazarar tsayi, adadin ninkawa, sunan bayanan da aka yi amfani da su da shekarar da aka auna su, alamar arewa, da ranar da aka kammala. A ajiye shi a inuwa, nesa da danshi da gara, a wurin da jama'a za su iya zuwa su gani.

Kammalawa

Samfurin ƙasa abin tattaunawa ne da tsara shawara. Ba ya maye gurbin awon injiniya kafin a yi gini, ba ya kuma zama hujjar iyakar gona ko ta gari a gaban shari'a. Muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da sassan ayyuka da na gona da su tuntuɓi ofishin Babban Safiyon Jiha tun kafin su sayi kwali, su kai masa girman yankin da bambancin tsayinsa da dalilin aikin, domin a zaɓi bayanan da suka dace da ƙasarsu tun daga farko.